Waiwaye: Denge da Shawara Ba Baƙi Ba Ne a Ƙasar Nan

Tun da aka tabbatar da ɓullar zazzaɓin denge a Sakkwato a ƙarshen 2023, maganar ta ƙi mutuwa a Zariya, musamman idan damina ta kankama. A majalisun Tudun Wada da Sabon Gari, har da zaurukan WhatsApp na ɗaliban Samaru, kan mutane ya rabu. Wasu na cewa sabon ciwo ne aka shigo mana da shi. Wasu na cewa maleriya ce aka sauya wa suna. Akwai kuma masu tambayar dalilin da za a ɗebi jinin majinyaci a aika wani gari, alhali ga asibiti a gida. Ban ga laifin mai wannan tambayar ba, jininsa ne, yana da haƙƙin ya sani. Sai dai duka ɓangarorin sun ɗauka abin jiya ya faro, tarihi kuwa bai nuna haka ba.

Farkon labarin sananne ne, kuma daga zazzaɓin shawara ya faro, wanda shi da denge dangi ne. A 1881 wani likita ɗan Kyuba, Carlos Finlay, ya ce sauro ne ke yaɗa shawara, tawagar Walter Reed ta tabbatar da hakan a 1900. A 1927 masu bincike da ke da mazauni a Yaba ta Legas suka ware ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, kuma daga ita Max Theiler ya samar da rigakafin 17D a 1937, wanda har gobe shi ake yi wa jariranmu in sun kai wata tara. Sauran ƙwayoyin da sauro ke yaɗawa kuwa, a Yuganda aka gano West Nile a 1937 da Zika a 1947, cikungunya kuma a Tanganyika wajen 1952.

Mutanen wancan zamani sun iya ware ƙwayar cuta, amma ba su iya karanta abin da ke cikinta ba. Kowace ƙwayar shawara ko denge tana ɗauke da kundin halittarta, jerin haruffa kusan dubu goma sha ɗaya, iri huɗu kacal suna ta maimaituwa. Duk sanda ta hayayyafa a jikin mutum ko sauro sai ta kwafi kundin, jefi-jefi kuma a sami kuskuren harafi. Wanda ya san yadda almajirai ke kwafar littafi da hannu a zaurukan cikin birni zai gane sauran: in marubuci ya tsallake wasali, duk wanda ya kwafa daga gare shi zai gaji tsallaken, ta haka masani zai iya faɗin wane kwafi ya fito daga wane. Haka ake fitar da nasabar ƙwayoyin cuta. A 1985 Charles Rice da abokan aikinsa suka karanta kundin 17D kaf, haruffa 10,862. Amma karatu yana buƙatar abin karantawa, kuma nan ne aka zo wurin da ba a cika ambata ba.

A 1964 aka buɗe ɗakin binciken ƙwayoyin bairas a Jami'ar Ibadan da tallafin Gidauniyar Rockefeller. Aikin ba shi da wani armashi. Uwa ta kawo yaro asibiti jikinsa rau da zafi, a ɗebi ɗan jini kaɗan, a tace ruwansa, a tsira wa jariran ɓeraye a ƙwaƙwalwa, sannan a zauna gadinsu kwana da kwanaki. Wanda ya fara layi ko ya daina shan nono, a ɗauke shi a bincika. In an sami ƙwaya, a ba ta lamba, a rubuta ranar da wurin, a daskarar da ita. Washegari a sake. Ba annoba suke jira ba, zazzaɓin yau da gobe suke bi, irin wanda mu nan za mu ce a sha magani a kwanta.

Daga 1964 zuwa 1970 sun ware ƙwayoyi 171 daga jikin mutane, iri 15 daban-daban, duk masu bin cizon ƙwari. Mafi yawa daga yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu aka same su, kuma watannin Yuni, Yuli da Agusta suka fi kawo su. A ciki akwai denge nau'i na 1 da na 2, akwai cikungunya, akwai Zika, akwai shawara, wadda ta yi ɓarna a Filato a 1969. Ba su tsaya kan mutane ba, sun bi sauro, sun bi dabbobi, sun cire kaska daga jikinsu. Daga kaskar da aka samo a Sakkwato a 1966 aka ware ƙwayar zazzaɓin nan mai sa zubar jini na Kirimiya da Kwango, kuma har yau wannan samfur mai lamba IbAr10200 yana cikin waɗanda masu bincike a duniya ke auna saura da su. Zariya ma tana da hannu a wannan tarihi: Oyewale Tomori, wanda ya zama babban masanin ƙwayoyin bairas a Afirka, a Jami'ar Ahmadu Bello ya gama karatun likitan dabbobi a 1971 kafin ya koma wancan ɗaki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, masu aikin ba su da hanyar sanin amfanin da za a ci daga abin da suka adana. Sai a 2008, bayan shekara 42, aka buga sakamakon karatun wasu samfura uku na denge nau'i na 2 da aka ɗeba a Ibadan a 1966. Da aka jera haruffansu da na sauran duniya, sai suka ƙi zama cikin dangin denge na birane. Suka faɗa reshen denge na daji, wanda ke yawo tsakanin birai da sauron kurmi. Ma'ana, tun lokacin ƙwayar daji tana tsallakowa jikin mutanen gari, ana kallonta zazzaɓi kawai. Haka samfurin Zika na 1968 ya shiga cikin waɗanda aka kafa reshen Afirka da su, aka bambanta shi da na Asiya. To, mai cewa denge baƙo ne, ga shaida a daskare tun kafin a haifi yawancinmu.

A wasu wurare wannan ilimi ya amsa manyan tambayoyi. Nazarin nasabar shawara da aka fitar a 2007 ya nuna ta Kudancin Amurka ta fi kusa da ta Afirka ta Yamma, kuma rabuwarsu ta dace da zamanin cinikin bayi ta teku. A tsibirin Riyuniyon, a 2005 da 2006, sauyin da ya taɓa gurbi ɗaya tak a jikin cikungunya ya ba ta damar bin wani sauro na daban, har ta kwantar da kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin. Shi wannan sauron an gan shi a Jihar Delta tun 1991. A Birazil kuma, haruffan Zika sun nuna ta fi shekara tana yawo kafin a farga da ita a 2015.

A nan gida, irin wancan bibiya ta kullum ta ja baya, sai ya zama annoba ce ke tashinmu. Shawara ta yi kisa a Oju ta Binuwai a 1986, ta shiga Oyo a 1987, ta lafa, ta sake bayyana a Kwara a 2017, ta kai Alkaleri ta Bauchi a 2019. Na'urar karanta kundin halitta kam yanzu akwai: ɓarkewar Edo ta 2018 a garin Ede na Jihar Osun aka karanta kundinta, ba a ƙetare ba. A ganina abin da ya yi ƙaranci shi ne samfurin da aka ɗeba da wuri, aka adana da kyau, musamman daga Arewa. Binciken da aka yi a Borno ya sami alamar denge da 'yan uwansa a jinin mutanen da ake zaton maleriya ko taifod ke damunsu. Amma wannan gwajin garkuwar jiki ne, kuma denge da Zika da shawara dangi ne na kusa, sukan rikita shi, har wanda aka yi wa rigakafin shawara yana iya nuna alama. Ba ya faɗin reshe, ba ya faɗin daga ina. Nau'in denge kuwa huɗu ne, kuma wanda ya taɓa yin ɗaya, in wani nau'in ya kama shi daga baya, haɗarin ya fi yawa. Sanin wanda ke yawo a gari ba ƙawa ba ce.

Sauron da ke ɗauke da su ba a kwata yake ƙyanƙyasa ba. Ɗan ƙarami ne mai ratsin fari da baƙi a ƙafa, da rana yake cizo, don haka gidan sauro na dare ba ya tare shi duka. Randa da durom marasa murfi, tsofaffin tayoyin da ke jibge wajen masu faci a Kwangila, gwangwanin da ruwan sama ya kwanta a ciki, nan ne gidansa, kuma ƙwansa na iya jure rani ya jira damina.

Sai kuma yadda muke jinya. Zazzaɓi ya kama yaro ranar Asabar, a je kemis a ce, "Malam, a haɗa mana na maleriya." Ranar Talata bai sauka ba, a koma a ce to taifod ce, a ƙara wani. Wani ma a haɗa masa da asfirin, wanda ke iya tsananta zubar jini in denge ne. Sai an ci mako sannan a nufi asibiti. Ita kuwa ƙwayar denge kwanaki kamar biyar na farko take yi a cikin jini da yawan da za a iya kama ta, kundinta kuma yana lalacewa in samfurin ya sha zafi a hanya. Wannan ne dalilin da ya sa ake son a ɗebi jini da wuri, musamman in gwajin maleriya ya nuna babu, a sa shi cikin ƙanƙara, a aika inda na'urar take. Jinin da aka ɗeba a rana ta takwas zai iya nuna cewa wani abu daga wannan dangi ya wuce ta jikin yaron, amma da wuya a sami haruffan da za a karanta a ce ga reshen da ya shigo Zariya.