Bishiya a kan dutse: tambayoyi kan sauya wa ƙaramin bonsai mazauni

Bonsai sana'a ce ta renon bishiya a ɗan kasko, a riƙa yi mata aski da datse saiwa har ta tsufa ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Daga ƙasar Sin ta faro, inda ake kiranta penjing, Japanawa suka karɓa suka ba ta sunan da duniya ta sani. Abin da ke gabanmu a nan shi ne ƙaramar bishiyar mefil da ta yi shekaru a kasko ba ta ba mai ita abin da yake so ba, har ya yanke shawarar ɗora ta kan dutse.

Wace bishiya ce mefil?

Dangin wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada ce. Iri biyu masu bonsai suka fi riƙewa. Akwai momiji ta Japan, mai ganye kamar tafin hannun jariri, yatsu 5 ko 7, wadda ke rikiɗewa ta yi ja wur da kaka, har mutane su riƙa tafiya takanas zuwa Kyoto don kallonta. Akwai kuma tokaede, mai ganye yatsu 3, wadda asalinta daga Sin ne. Idan tsayin bishiyar bai wuce santimita 20 ba, ana sa ta a ajin da suke kira shohin.

Me zai sa a raba ta da kaskonta?

Galibi aibi ne. A kasko, idon mai kallo gindi yake fara sauka, yana neman saiwoyi da suka bazu ko'ina daidai wa daida. Bishiyar da saiwoyinta suka taru gefe ɗaya, ko suka yi tsayi sirara kamar taliya, ko gangar jikinta ta karkace, ba ta da ta cewa a wannan gasar. Amma ka ɗora ta gefen dutse, sai karkatar ta zama labari: bishiya ce da iska ta kaɗa a bakin tsauni, tana riƙe da ranta da saiwa uku. Abin da ake ɓoyewa jiya shi ake nunawa yau.

Sai dai dutse ba asibiti ba ne. Bishiyar da ke ciwo, ganyenta na ƙonewa tun kafin zafi ya kankama, ba ita ake yi wa wannan aiki ba. A bar ta ta shekara tana murmurewa tukuna.

Hanya ɗaya ce ake bi?

Biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. A ta farko, sekijoju, bishiyar na zaune a kan dutse amma saiwoyinta sun sauko ta jikinsa sun shiga ƙasar kasko. Ana shimfiɗa saiwoyin a kan dutsen, a ɗaure su tam, a binne dutsen gaba ɗaya cikin tukunya mai zurfi ko a fili, a bar shi shekara biyu ko uku. Daga nan a riƙa rage ƙasar kaɗan-kaɗan, saiwoyin da suka fito iska su yi ɓawo su yi kauri. Tokaede ce gwanar wannan, don saiwarta na saurin kumbura ta manne da juna har ta rungume dutsen kamar narkakken kitse.

A ta biyu, ishitsuki, babu ƙasar kasko sam. Dutsen shi ne tukunyar. Duk rayuwar bishiyar na cikin ɗan taɓon da aka liƙa a wani loko na jikinsa. Wannan ta fi saurin ba da sakamako, rana ɗaya an ga siffa, ita ce kuma ta fi cin rai daga baya.

Kowane dutse zai yi?

A'a, kuma a nan yawancin masu koyo ke faɗuwa. Dutsen rafi mai santsi, zagayayye kamar ƙwai, ba shi da inda saiwa za ta kama, ba shi da abin da zai ce wa ido. Ana neman mai kaushi, mai tsaga da kwari da ƙusurwa, wanda in ka ajiye shi kan tebur shi kaɗai za ka ga tsauni. A Japan ana ji da duwatsun kogin Ibi da ke lardin Gifu, masu duhu da ramuka. Duwatsun aman wuta ma suna yi, ga rashin nauyi ga shan ruwa. Wanda aka ɗauko daga bakin teku sai an jiƙa shi an wanke gishirin.

Ni a ganina dutsen ake fara zaɓa, sannan a tambayi bishiyar ko za ta iya zama da shi. A juya shi gaba da baya, a kwantar, a tayar, a nemo fuskarsa. Sannan a riƙe bishiyar a hannu ana gwada ta nan da can. Kan ƙololuwa tsakiya shi ne wurin da hannu ke fara kaiwa, shi ne kuma mafi muni, sai abin ya fito kamar an kifa wa dutse hula. Kafaɗar dutsen ta fi, bishiyar ta leƙo waje, a bar wani sashe tsirara. Ganyen momiji mai laushi ne, in dutsen ya cika girma sai ya haɗiye bishiyar.

Yaya ake aikin a ranar?

A hanyar ishitsuki, tun jajibere ake kafa wayoyin da za su riƙe saiwoyin. Ana lanƙwasa guntayen wayar alminiyum, a manne tsakiyarsu a jikin dutsen da gam mai ƙarfi, a bar bakuna biyu a sake. Masu tsohuwar hanya kan cusa wayar cikin tsaga su danna ɗan darma a kai.

Sai kwaɓin keto. Baƙin taɓo ne na fadama, ragowar ciyayin ruwa da suka ruɓe shekara da shekaru. Ana haɗa shi da garin akadama, wato jar ƙasar aman wuta ta yankin Kanto, da yankakkiyar gansakuka, a murza da hannu har ya yi danƙo kamar kwaɓin maginin tukwane. In ka mulmula shi ya tsage, ruwa ya yi kaɗan. In ya bi yatsunka, ya yi yawa. A shafa siririn shimfiɗi a inda bishiyar za ta zauna.

Yanzu a zare bishiyar daga kasko, a tsefe saiwoyin da tsinke a hankali, ana fesa musu ruwa don ƙananan ba sa jure bushewa ko ta 'yan mintuna. A zaunar da ita, a bi da kowace saiwa ta cikin tsagar da ta dace da ita, a murɗe wayoyin da ɗan guntun roba a tsakani kada su yanka. A rufe da keto, a manna gansakuka mai rai a kai, a soke ta da ƙananan wayoyi masu siffar ƙugiya. Gansakukar ba ado kaɗai ba ce, ita ke hana ruwan ban-ruwa wanke taɓon.

Wane lokaci ne ya dace?

Ƙarshen hunturu, idanun toho sun kumbura amma ba su buɗe ba. A yawancin Japan wajen watan Maris ke nan.

Rassan fa, a gyara su rana ɗaya?

A rage abin da ya zama dole kawai, kamar reshen da zai soki dutsen. Mefil na zubar da ruwan jiki sosai in aka yi mata babban yanka a wannan lokaci, ga saiwa ta riga ta sha wuya. Lanƙwasa rassa da waya, da dabarar tsige ganye a watan Yuni don sababbin su fito ƙanana, duk a bar su sai baɗi. In an sa waya kuma a riƙa dubawa, ɓawon momiji siriri ne, cikin 'yan makonni waya ke nutsewa ta bar tabon da zai daɗe bai ɓace ba.

Ina wahalar take daga baya?

Ruwa. Taɓon da bai fi cikin tafi biyu ba, a jikin dutsen da rana ke gasawa, kan bushe kafin azahar. Da zafi ana ba da ruwa sau biyu ko uku a rana, kuma keto in ya bushe ƙarau sai ya ƙi shan ruwa, ya riƙa gangarar da shi ta gefe, mai shi na zaton ya shayar. Shi ya sa ake ajiye dutsen a suiban, faranti marar huji da ake zuba wa yashi mai laima ko ruwa, a kuma kare shi daga ranar yamma. Taki ma ba ya zama, don haka ake soke ƙananan curin tunkuzar irin mai a jikin gansakukar, ko a ba da na ruwa. Da hunturu kuma saiwoyin ba su da bangon kasko, sai an shigar da ita inda ƙanƙara ba za ta kama su ba.

Mutumin Kano ko Damagaram zai iya gwadawa?

Da momiji dai a'a. Tana bukatar watannin sanyi na gaske don ta zubar da ganye ta yi barci, iskar bazararmu kuwa za ta soya ganyen cikin kwanaki. Amma dabarar ba ta mefil kaɗai ba ce. A Taiwan da sauran ƙasashe masu zafi da dangin ɓaure suke yin ta, kuma duk wanda ya taɓa ganin cediya ta tsiro a tsagar katanga ta sako saiwa har ƙasa ya ga sekijoju da ba wanda ya shirya. Reshen cediya na kamawa in an dasa shi da damina, sai a fara da tukunya mai zurfi da dutse mai kaushi a binne a ciki.