Sanƙarau a makarantar kwana: ciwon kan dare ba ya jiran gari ya waye

Zangon karatu na biyu ya fi kowanne cika da hidima a makarantun sakandare. Tsakanin Janairu da Afrilu ake gasar wasanni ta gidaje, 'yan ajin ƙarshe suna fama da jarrabawar gwaji kafin WAEC da NECO, ga darasin yamma ga karatun dare. A wajenmu ma'aikatan lafiya kuwa, zangon da hankali ba ya kwanciya ke nan, domin ya faɗo a tsakiyar lokacin sanƙarau. Cutar takan fara leƙowa da hunturu, wajen Disamba, ta yi ƙarfi a Maris da Afrilu, ba ta kuma lafawa sai damina ta kankama.

An saba cewa zafi ne ke kawo ta. Zafi dai lokacinta ne, amma ba shi ke haifar da ita ba. Ƙwayar cuta ce da ke zama a maƙogwaro da can cikin hanci, kuma a cikin mutum 10 ana iya samun ɗaya da ke yawo da ita lafiyarsa ƙalau, bai ma sani ba. Tana tsallakawa ta tari da atishawa da yawu, musamman tsakanin masu kwana wuri ɗaya. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage fatar cikin hanci, mura ta ƙara raunata ta, sai ƙwayar ta samu ƙofa ta shiga jini, ta isa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ya kumbura. Daga kamuwa zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi wajen 4.

Ba baƙuwarmu ba ce. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar zirin ƙasashe 26, daga Sanagal zuwa Habasha, da ta saba addaba. Manya ba su manta 1996 ba, shekarar da ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A Afrilun 2015 sai da gwamnatin Nijar ta rufe makarantun Yamai na ɗan lokaci saboda ita. A 2017 ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi, aka rasa rai sama da 1,000. A farkon 2024 kuma makarantun kwana ta faɗa wa a yankin Potiskum da Fika na Jihar Yobe, aka rasa ɗalibai da dama.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwanan ɗalibai da sassafe, kafin iska ta ratsa, ya san abin da nake nufi. Gadaje masu hawa biyu sun manne da juna, sai a karkace ake bi tsakaninsu. Wani gadon yara biyu ne a kai, na ɗayan ya karye tun bara. Tagogin da gilashinsu ya fashe an toshe su da kwali da buhun siminti saboda sanyi, sanyin ya wuce, ba wanda ya tuna ya cire. Kayan makaranta a rataye kan igiya sun tare 'yar kafar da ta rage. A bakin randa moɗa ɗaya ce, a dainin cokali ɗaya kan zaga mutum uku. Da asuba 'yan aji ɗaya su hau shara a busasshiyar ƙasa, ƙura ta turnuƙe ɗakin, siniyoyi na kwance suna shaƙa.

Mafi yawan wannan gyaransa ba ya cin kuɗi. A cire kwalin, tagogi su kwana a buɗe. A yayyafa ruwa kafin shara. In gadaje ba za su rabu ba, maƙwabta su kwana kai da ƙafa. In zafi ya shigo kuma akwai tsaro, a bar yara su kwana a baranda cikin gidan sauro. Kowa ya riƙe kofinsa da cokalinsa. Rage cunkoso kuwa aikin hukuma ne da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma ba a gama shi a zango ɗaya. Shi ya sa ba a nan zan daɗe ba.

Abin da ya fi cin rai a makaranta jinkiri ne. Sanƙarau na iya kashe mutum cikin awa 24 da fara ciwo, tsarin makarantar kwana kuma yakan cinye awannin nan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba.

A ce yaro ne ɗan aji biyu. Bayan sallar magariba kansa ya fara sarawa, jiki ya ɗau zafi. Ya gaya wa firifet yana so ya kwanta, firifet ya ce, "Kai dai ba ka son firef, tashi mu tafi." A aji ya kifa kai kan tebur, yana kare idonsa daga hasken ƙwan lantarki. Ƙarfe goma an koma ɗaki ya yi amai, abokinsa ya ciro farasitamol biyu daga akwati ya miƙa masa. Kilinik a kulle, mai kula da shi a cikin gari yake kwana. Hausmasta yana nan, amma wane ɗan juniya ne zai buga wa malami ƙofa da tsakar dare a kan ciwon kai? Da asuba aka tashe shi salla ya kasa, aka ce nauyin barci ne. Bayan asembili aka kai shi kilinik, aka ce maleriya ce, aka ba shi ƙwayoyi, a ga yadda zai wuni. Da la'asar ya fara sambatu. Sai a lokacin aka shiga neman lambar mahaifinsa, ana jiran shugaban makaranta ya sa hannu a takardar fita, motar makaranta kuma ba mai. Awa 20 da ɗoriya sun tafi ke nan, yaro bai ga allura ba. Kowa a cikin labarin nan abin da ya saba yi ya yi, kuma a mafi yawan ranaku ba ya jawo komai. Ranar da sanƙarau ce sai ya jawo.

A makarantun 'yan mata akwai ƙarin wani shinge. Yarinya ta rikice, tana surutai, ta sandare ko ta fara jijjiga, kafin a ce me an ce iska ce. A taru a danne ta, ɗaki ya cika maƙil da ƙawaye, ana ruƙiyya har gari ya waye. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. Roƙona guda ne, Hajiya Metiron, kafin komai ki sa hannu a goshinta. In jiki da zafi, a ci gaba da addu'ar a cikin mota a kan hanyar asibiti. Mu duk wanda ya rikice da zazzaɓi a jikinsa, ƙwaƙwalwa muke fara zargi, ko sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai, kuma dukansu biyun ba sa jira.

Alamomin da za a lura da su, zazzaɓi ne mai zuwa farat ɗaya da ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin farasitamol, sai amai, da ƙin haske, da barcin da ake tashin yaro da ƙyar, da sambatu ko jijjiga. Game da wuya, kwantar da shi rigingine ka ce ya kai haɓarsa ƙirji. Mai mura zai iya ko da yana jin jiki. Mai sanƙarau wuyan yakan ƙi lanƙwasuwa, ya yi ƙara, wani har ya naɗe gwiwoyinsa. Sai dai kada a zauna jiran wuya ya sanƙare, ba shi ke fara zuwa ba, wani ma har a kai shi asibiti bai zo ba. Akwai kuma ɗigo-ɗigon jini da kan kwanta a ƙarƙashin fata. A baƙar fata ba sa fitowa sosai, don haka a duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. A danna da kofin gilashi, in ba su dushe ba, ba sauran shawara, sai mota.

'Yan'uwana masu kula da kilinik ɗin makaranta, gwajin maleriya ya nuna akwai ba ya wanke yaro daga sanƙarau. Mutum na iya ɗauke da biyun. Da rani ma maleriya ja da baya take yi a wajenmu, to mai tsananin ciwon kai da amai a watan Maris bai kamata a sallame shi da ƙwayoyi ya koma ɗaki ba.

Shugabannin makarantu, a yanke shawara tun da rana, kafin daren ya zo. Wa ke da ikon fitar da ɗalibi zuwa asibiti da ƙarfe biyu na dare ba tare da jiran sa hannun kowa ba? Malamin da ke kan aiki da metiron su samu wannan izini a rubuce, maigadi ma ya san da shi. In motar makaranta ba abin dogaro ba ce, a shirya da wani mai mota ko mai adaidaita sahu na kusa, a manna lambarsa a bango, a ajiye kuɗin mai da na kati a hannun wanda ke kwana cikin makarantar. Iyaye a kira su ana kan hanya. Sannan shugaba ya tsaya a asembili ya faɗa da bakinsa cewa ba za a hukunta ɗalibin da ya tashi malami da dare saboda ɗan'uwansa ba, ko da daga baya an ga ba komai. Masu ciwon ƙarya don gudun leba suna nan, ba a rasa su. Ma'aunin zafi guda a kowane gida ya isa ya raba gardama: in ya kai 38, wannan ba ƙarya ba ce.

Kada a tura mara lafiya gida. Awannin da suka rage za su ƙare a tasha da motar haya, yana numfashi a fuskar fasinjoji, a gida kuma sau da yawa kyamis ake fara zuwa. Babban asibiti mafi kusa za a nufa, domin maganin allura ce ta jijiya, wadda aka fi amfani da ita ceftriaxone, kuma ba a jiran sakamakon gwaji kafin a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 da irin wannan sanƙarau ta kama yakan rasu, in ba a yi magani ba kuwa abin na iya kai rabi.

A asibiti za a nemi ɗibar ruwan baya, iyaye da yawa kuma a nan suke turjewa, an ce musu yana gurguntawa ko yana kashewa. Allurar can ƙasan baya take shiga, ƙasa da inda laka ta ƙare, ruwan da ake ɗiba kuma kaɗan ne. Shi ke nuna wace ƙwaya ce, da shi ake sanin irin rigakafin da za a kawo wa yankin. Waɗanda ake ganin sun rasu bayan an ɗiba, galibi ciwon ya riga ya yi nisa kafin a kawo su.

A ranar da aka yi zargi, makaranta ta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a lamba 6232, kyauta ce. Na san fargabar shugabanni, kada sunan makaranta ya ɓaci, kada iyaye su zo su kwashe yara. Labarin ɗalibin da ya rasu aka ɓoye dalili ya fi saurin ɓata suna. 'Yan ɗakin mara lafiyar za a sa musu ido har kwana 10, ma'aikatan lafiya ne kuma za su ce ko a ba su maganin kariya. Kada a sayo kafso a kyamis a rarraba. Uban da ya ɗauke ɗansa ya kai gida shi ma ya ƙirga kwana 10 ɗin nan, zazzaɓi na tasowa ya nufi asibiti ya faɗi daga inda yaron ya fito.

Wasu iyayen kan ce ai an yi masa rigakafi tun yana ƙarami. Wadda aka yi ɗin mai yiwuwa MenAfriVac ce, da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya a 2011. Ƙwayar sanƙarau nau'i-nau'i ce. MenAfriVac ta yi aiki ƙwarai, ta kusa kawar da nau'in A. Amma annobar 2015 da ta 2017 nau'in C ne, wanda ba ta tarewa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar, A da C da W da X da Y, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Duk ɗan sakandare yana ciki. Na san abin da ke ran wasu, musamman a Kano, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi da yara kimanin 200 a Asibitin Zana a 1996, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekaru. Tsoron yana da tushe, ba na raina shi. Wancan gwaji ne na maganin da ba a gama tantancewa ba. Wannan rigakafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance shi a 2023 kafin a kawo. Idan takardar neman izini ta zo daga makaranta, a karanta, a yi tambaya, kada a cusa ta ƙarƙashin katifa.

Wanda ya warke ma da sauran aiki. Kusan 1 cikin 5 yakan fito da wata lalura, kurumta ko farfaɗiya ko raunin hannu ko ƙafa ko mantuwa. Kurumtar ce ta fi ɓuya. Yaro ya dawo aji, malami ya kira shi sau biyu bai waiwayo ba, a ce raini ne a zane shi, makinsa ya faɗi a ce ya lalace. A kai shi gwajin ji cikin makonnin farko bayan sallama, a dawo da shi layin gaba a aji, a ɗauke masa leba da tseren gidaje har ƙarfinsa ya dawo. 'Yan ɗakinsu kuma a gaya musu ba sauran abin gudu a jikinsa, domin bayan awa 24 da fara allurar da ta dace ba ya ƙara yaɗa cutar, gadonsa na da zai koma.