Tsoro, biyayya da addu'a: tambayoyin da matasanmu ke yi a Kaduna

Duk Lahadi in an tashi daga sujada, akwai wani benci a ƙarƙashin darbejiya a harabar majami'armu ta Sabon Tasha inda nakan ɗan huta kafin in kama hanyar gida. Nan matasa ke tare ni. Abin da suke jin nauyin tambaya a gaban jama'a, a nan suke fitar da shi, wani da murya ƙasa-ƙasa, wata kuwa hawaye ne ke riga bakinta magana. Na tattara tambayoyin da suka fi dawowa, da amsoshin da nake bayarwa, domin na san ba a unguwarmu kaɗai ake wannan damuwa ba.

Tambaya: Baba, ni fa ina jin tsoro. Bangaskiyata ce ba ta kai ba?

Amsa: Ɗana, duk wanda ya zauna a garin nan lokacin rikicin watan Fabrairu na 2000, ko na Nuwamba 2002, ko na bayan zaɓen 2011, ya ce maka gabansa bai taɓa faɗuwa ba, bai gaya maka gaskiya ba. Ni har yau in na ga 'yan kasuwa suna rufe shaguna da rana tsaka, sai cikina ya ɗuri ruwa tun ban tambayi dalili ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye tsoron bayin Allah ba. A Zabura 56:3 Dawuda cewa ya yi sa'ad da tsoro ya kama shi, ga Allah zai dogara. Ka ga tsoron da dogarar a aya ɗaya suke zaune. A babin farko na littafin Joshuwa, sau uku Ubangiji yana ce wa Joshuwa ya ƙarfafa, ya yi ƙarfin hali, kuma ai ba a nanata wa mutum irin wannan magana sai an ga gwiwarsa na rawa. Yesu kansa a Getsamani ya roƙi Uba ya kawar masa da ƙoƙon wahala, guminsa na zuba kamar ɗigon jini. Da ya gama addu'a ya miƙa wuya ga nufin Uban, ya tashi ya tari waɗanda suka zo kama shi. Don haka kada ka ɓata lokaci kana auna tsoronka. Dubi abin da yake sa ka yi. In ya sa ka durƙusa, ya yi maka amfani. In ya sa ka yi ƙarya, ko ka ƙi ɗan'uwanka, a nan ne za mu zauna mu yi magana.

Tambaya: To, in babu rikici, babu mai ɗora mini bindiga, ina zan nuna ƙarfin halin?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin mu mutanen Kaduna mun saba ɗaukar jaruntaka abin ranar tashin hankali ne kawai. Alhali ranakun lafiya sun fi yawa, kuma a cikinsu ne mutum ke ginuwa ko ya rushe.

Akwai wata uwa a Zumuntar Mata tamu da ke sayar da masara da wake a kasuwa. Kowa ya san dabarar da wasu ke yi: a buga wa mudu gindi ya ɗan shige ciki, ko a ajiye biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ita mudunta ɗaya ne. Na sha tsayawa ina kallonta tana awo. Takan cika shi ya yi tozo, ta tallafe da tafin hannu kada ƙwaya ta zube, sannan ta juye wa mai saye a buhu ba tare da ta shafe kan ba. Maƙwabtanta na rumfa sun sha ce mata, “Mama, haka za ki ƙare ba riba.” Ribarta kuwa da gaske ba ta kai tasu ba, ga kuɗin makarantar yara na jiranta. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, Karin Magana 11:1 kuma ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Matar nan kullum sai ta yi wannan zaɓi, sau talatin ko arba'in kafin la'asar, ba mai tafa mata.

Haka wani saurayi da na koyar tun yana ƙarami. A wurin aikinsa aka kawo masa takarda ya sa hannu cewa an kawo kaya, alhali ba a kawo ko allura ba. Ya ce wa shugabansa, cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri, ban ga kayan ba.” Ba a kore shi ba, amma an mai da shi wani lungu inda ba kowa ke gaishe shi ba, ya yi shekaru a nan. Ka tuna da sojoji da masu karɓar haraji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, a Luka 3, bai ce su bar aiki ba. Cewa ya yi kada su karɓi fiye da ƙa'ida, kada su yi ƙwace, su gamsu da albashinsu.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A daren 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kakau, kan hanyar Abuja, suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18, aka kashe shi. Daga baya wanda aka kama kan kisan ya shaida wa 'yan jarida cewa yaron bai daina yi musu wa'azi ba a cikin dajin, yana ce musu su tuba. Ba na jin a daji ya fara koyon faɗar gaskiya. Abin da baki ya saba faɗa a gida shi yake fitowa ranar da aka matsa.

Tambaya: An ce mu yi biyayya ga iyaye da hukuma. Har ina iyakarta?

Amsa: Umarnin na nan, ba mai goge shi. Afisawa 6:1 ta ce 'ya'ya su bi iyayensu cikin Ubangiji, Romawa 13 ta ce a bi mahukunta, a biya haraji. In an sa dokar hana fita, mai bi ya zauna a gida. Iyakar tana inda aka ce ka yi abin da Allah ya hana, ko ka bar abin da ya umarta. A nan Bitrus ya gaya wa majalisa, a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a fi yi wa Allah biyayya a kan mutane. Ungozomomin Ibraniyawan nan biyu a Masar, Shifra da Fuwa, Fir'auna ya ce su kashe jarirai maza, suka ƙi.

Amma dubi yadda ake ƙin. Daniyel bai zagi sarki ba, bai tara matasa ba. Ya hau ɗakinsa ya yi addu'a sau uku a rana kamar yadda ya saba, ya kuma yarda ya ɗauki hukuncin. Wanda ke ɗaga wa mahaifinsa murya yana cewa “Allah nake bi”, ya sake duba zuciyarsa. Wannan ma'aunin ya shafi masu wa'azi ma. In wani ya ce ki kawo kuɗin makarantarki ki shuka domin a buɗe miki hanya, 'yata, buɗe Littafinki ki duba kamar mutanen Biriya, da suka riƙa auna wa'azin Bulus da Littattafai, kafin ki buɗe jakarki.

Tambaya: In na dogara ga Allah, me ya sa ake binciken jaka a ƙofar coci? Gudu ba rashin bangaskiya ba ne?

Amsa: A'a. Nehemiya 4:9 ta haɗa su wuri ɗaya: suka yi addu'a ga Allah, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Tun da mai mota ɗauke da bam ya afka wa cocin St. Rita wajen Malali ranar 28 ga Oktoba 2012, ana tsakiyar sujada, ba mai hankalin da zai ce shingen ƙofa raini ne ga Allah. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Bulus da kansa a kwando aka zura shi ta garun Dimashƙu da dare. Abin da aka hana shi ne musun Ubangiji. Kauce wa haɗari kuwa hikima ce.

Tambaya: Baba, mun yi addu'a, mun yi azumi, amma aka sace su, wasu ma ba su dawo ba. Ina amfanin addu'ar?

Amsa: 'Yata, wannan ba na amsa ta da sauri, domin masu yin ta yawanci akwai wanda suka binne. Ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashi ɗalibai sama da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, a ƙaramar hukumar Chikun. Iyaye mata suka zube a ƙasa a bakin makarantar suna kiran sunan Yesu. Aka riƙa sako yaran kashi-kashi, wata uwa ta rungumi nata a makonnin farko, wata ta shafe watanni tana jira, alhali a tabarma ɗaya suka durƙusa. Ba zan taɓa ce wa ta biyun addu'arta ce ta gaza ba, kuma duk wanda ya faɗa mata haka ya zalunce ta.

Karanta Ayyukan Manzanni 12. A babi ɗaya Hirudus ya kashe Yaƙub da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Ikilisiya ɗaya, manzanni biyu, ƙarshe daban. Bulus sau uku yana roƙo a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Shadrak, Meshak da Abednego sun ce wa Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderun wuta, sannan suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Wannan “ko da” ɗin shi ne ƙashin bayan bangaskiya a gari irin namu.

Addu'a roƙo ce ga Uba, kuma yana amsawa, na ga hakan da idona. Amma tana yin wani aikin a cikin mai yin ta. Da aka yi wa Bitrus da Yahaya barazana, a Ayyukan Manzanni 4:29, abin da ikilisiya ta roƙa shi ne a ba su gaba gaɗi su ci gaba da faɗar Maganar. In kuma kuka ne ya zo miki, ki yi shi a gaban Allah. Zabura 13 da “har yaushe” ta fara, kuma tana cikin Littafin.

Tambaya: Yaya zan ƙaunaci wanda ya ƙone gidanmu?

Amsa: A cikin dukan umarnan Yesu, ban san wanda ya fi Matiyu 5:44 nauyi a wuyan ɗan Kaduna ba. Rikice-rikicen nan sun raba mana gari, kogi ya zama kamar iyaka, har yaro ya girma a Narayi ko Romi bai taɓa cin tuwo a gidan Musulmi a Tudun Wada ba. Wanda ba ka sani ba kuwa, ƙinsa ba wuya.

A garin nan Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a faɗan 1992, yana jagorantar matasan Kirista. Imam Muhammad Ashafa, a ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Sun haɗu a 1995, kowa da miki a zuciya, suka kafa cibiyar sulhu tsakanin addinai, kuma suna cikin waɗanda suka yi aikin da ya kai ga Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna a watan Agusta 2002. Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu. Wasu daga cikin nasu sun kira su maciya amana, kuma jure wannan zargin daga gida ya fi fuskantar abokin gaba wuya.

Gafara ba ta hana ka kai ƙara, ba ta hana ka faɗi gaskiyar abin da aka yi maka. Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a gaban hukuma. Abin da Romawa 12:19 ta karɓe daga hannunka shi ne ramuwa. Kuma ka tuna mai shayin da ke bakin titinku ba shi ya ƙone gidan ba. Fara da ambaton wanda ya cuce ka a addu'a, ko da haƙoranka a cije suke. Na yi shekaru ina yin haka kafin in ji ƙullin da ke ƙirjina ya fara saki.

Tambaya: Ni addu'ar ma ba na iya daɗewa, da na fara sai barci ko tunani. Yaya zan yi?

Amsa: Kada ka fara da awa guda. Ware minti goma da asuba, kafin hannunka ya kai ga waya. Matiyu 6:6 ta ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa. In ɗaki ɗaya kuke kwana ku shida, tsakar gida wajen randar ruwa ma ya isa. Karanta Zabura ɗaya da murya, cikin harshen da kake mafarki da shi. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakata da shi ta koyi karatu, tana bin layi da ɗan yatsa. Sai ka bi Addu'ar Ubangiji jimla-jimla, kana tsayawa a kowace ka sa naka a ciki: in ka zo kan abincin yau, faɗi kuɗin hayar da ke damunka, in ka zo kan gafara, faɗi sunan mutumin.

Kafin ka tashi, ambaci abu ɗaya da ka san zai gwada ka a ranar, ko takardar da za a kawo maka, ko abokin da zai ja ka inda bai kamata ba, ka roƙi ƙarfi dominsa. Da dare kuma ku taru da mutanen gida ko na minti biyar ne, a yi waƙa ɗaya, ƙaramin cikinku ya rufe da addu'a. In ka yi fashin kwana uku, ranar ta huɗu ka koma daga Zaburar da ka tsaya.