Matthew Thornton: likita, alƙali, kuma kanar na dakarun sa-kai

Wane ne shi?

An haife shi a Ailan a 1714, iyayensa suka ƙaura da shi Amurka yana ɗan ƙarami, lokacin tana hannun Ingila. Ya koyi aikin likita a Massachusetts, sannan ya zauna a garin Londonderry da ke New Hampshire yana duba marasa lafiya.

Me ya haɗa likita da yaƙi?

A 1745 aka tura rundunar da za ta ƙwace sansanin Louisbourg daga hannun Faransa, a gabar tekun Kanada ta yau. Thornton ya bi dakarun New Hampshire a matsayin likitansu. Su waɗannan dakarun ba sojojin albashi ba ne. Manoma ne da maƙera da 'yan tireda, in an yi shela kowa ya rataya bindigarsa ya fito, in ƙura ta lafa ya koma gona. Daga baya gwamnatin sarkin Ingila ta ba shi muƙamin kanar a cikinsu.

Ya aka yi ya zama alƙali bai karanta shari'a ba?

Nan ne ya fi ba ni sha'awa. Masu ilimi sun yi ƙaranci a yankin, saboda haka wanda jama'a suka yarda da hankalinsa da amanarsa shi ake ɗora wa kaya. Mutumin da ya shiga gidajensu cikin dare ya tsaya a kan 'ya'yansu suna fama da zazzaɓi, ba su ga wahalar kawo masa rigimar gona ba. Ya fara da ƙaramin alƙalanci, har ya zauna a babbar kotun New Hampshire daga 1776 zuwa 1782.

To, da Amurkawa suka ɓata da Ingila suna neman 'yancin kai, ina ya tsaya?

Ya bi mutanensa, duk da cewa muƙamansa daga sarki suka fito, kuma wannan ba ƙaramin kasada ba ne. Shi ya shugabanci majalisar New Hampshire a 1775. Bai isa Filadelfiya, birnin da wakilan yankunan Amurka ke taro, ba sai Nuwamban 1776, wata uku bayan yawancin wakilai sun sa hannu a takardar ayyana 'yancin kan Amurka, amma aka bar shi ya sa nasa. Ya shiga cikin mutum 56 da sunansu ke kanta.

Ƙarshensa fa?

Ya koma garin Merrimack da ke New Hampshire yana noma yana kula da jirgin fito a bakin kogi. Har yau ana kiran unguwar Thornton's Ferry. Ya rasu ranar 24 ga Yuni, 1803, a garin Newburyport da ke Massachusetts, inda ya je ganin 'yarsa.