Ƙirar siffofin 3D a wasannin kwamfuta

Ƙirar siffofin 3D fanni ne na gina mutum, dabba, gini ko makami a cikin kwamfuta da tsawo da faɗi da kauri, yadda za a iya juya shi a kalle shi ta kowane ɓangare. Mai tsara wasa shi ke shimfiɗa dokoki da matakai, mai ƙira kuma ya samar da abin da ido zai gani. Ana haɗa siffar da ƙananan fuskoki masu kusurwa uku ko huɗu kamar saƙar raga, a lulluɓe ta da hoton fata, a sa mata ƙasusuwa idan za ta motsa.

Tarihi

Tushen aikin ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Ana danganta ƙa'idar nuna kusa da nesa a shimfiɗaɗɗen zane ga Filippo Brunelleschi na Italiya, wajen 1415 zuwa 1420, kuma Leon Battista Alberti ya rubuta ta a 1435. Ita ce kwamfuta ke lissafawa har yau.

A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, manhajar da ake zane da ita kai tsaye a fuskar na'ura. Daga baya ya koma Jami'ar Utah, inda ɗalibai suka aza harsashin fannin. A can Henri Gouraud ya fito da dabarar sulɓe inuwa tsakanin fuskoki a 1971. A 1972 Edwin Catmull ya zuba siffar hannunsa da filasta, ya zana fuskoki a jikinta da alƙalami, sannan ya shigar da ma'aunansu cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Haka Martin Newell ya yi a 1975 da butar shayi ta gidansa, ya fara zana ta a takarda kafin ya taɓa na'ura. Butar ta dace da gwaji domin tana da mariƙi da baki da zagayayyen ciki, tana kuma jefa inuwa a jikin kanta. Abin lura shi ne waɗannan ayyuka biyu da kallo da awo suka fara, irin na mai sassaƙa.

Wasanni sun biyo baya a hankali. Battlezone na kamfanin Atari, a 1980, layuka ne zalla ba fata. Mayaƙan Virtua Fighter na Sega, a 1993, kamar da katako aka sassaƙa su. Ƙarancin ƙarfin na'urorin wancan zamani ya tilasta wa masu ƙira tsimi, suka koyi bayyana jarumi da fuskoki 'yan kaɗan.

Yadda ake koyo

Makarantu da dama kan fara da fensir da takarda: zanen jikin ɗan Adam, faɗuwar haske, haɗin launi. Akwai gwajin da ya shahara a wajen masu sana'ar, inda ake cika siffa da baƙi gaba ɗaya, idan ba a gane ta da inuwarta kaɗai ba sai a sake ta. Dalili kuwa, ɗan wasa yana cikin gudu, ba shi da lokacin ƙura wa abu ido. Haka ake amfani da haske da launi wajen ja masa gora zuwa ƙofar da ake so ya bi.

Manhajojin da aka fi sani su ne Maya, ZBrush da Blender. Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ne ya ƙirƙiri Blender, kuma ta zama kyauta ga kowa a 2002 bayan masu amfani da ita sun tara Yuro 100,000 sun fanso ta.

Matsayinsa a fasaha

An daɗe ana saɓani kan ko wasan kwamfuta aikin fasaha ne. Mai sharhin finafinai Roger Ebert ya musanta haka a 2010. A 2012 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya shigar da wasanni 14 cikin taskarsa.