Wai mene ne "bendin momen" da injiniya ke lissafawa kafin ya zaɓi bim na ƙarfe?

Yanzu ana yawan cire bango a haɗe shago biyu su zama ɗaya, ko a yi babban sito ba fila a tsakiya, sai a ce kawai a sa ayi-bim, wato ƙarfen da ake girkawa a kwance ya ɗauki nauyin gini, mai siffar harafin I. To wane saiz? Nan ne zaka ji injiniya yana cewa bari ya lissafa bendin momen, mai gini kuma yana ganin ɓata masa lokaci ake yi.

Bendin momen dai shi ne ƙarfin da nauyi ke amfani da shi wajen lanƙwasa bim. In ka ɗora kaya a kai, saman ƙarfen matsewa yake yi, ƙasansa kuma ana jansa kamar zai tsage, shi ya sa aka tara naman ƙarfen sama da ƙasa aka bar tsakiya siriri. Bim ɗin da ke zaune kan fila biyu, nauyi kuma ya bazu a kansa daidai, a tsakiya abin ya fi tsanani, lissafin shi ne nauyin kowace mita sau tazara sau tazara, a raba da 8, tazara kuwa ita ce nisan da ke tsakanin fila biyun.

Tazarar nan ita mutane ke rainawa wallahi, kuma ita ce ke ban tsoro. Ɗauki nauyin kilonutin 20 a kowace mita, wajen tan 2 kenan. A tazarar mita 4 momen ɗin kilonutin-mita 40 ne, amma ka mai da ita mita 8 sai ya kai 160, ninki huɗu, lotsawar tsakiya kuma ninki 16 in bim ɗin bai canza ba.

Daga nan sai a raba momen da ƙarfin ƙarfen, misali S275 ko S355 (lambar da ke nuna ajin ƙarfinsa), a samu adadin da ake kira sekshin modulos, a duba tebur a ga wane bim ne ya kai. A mita 4 ɗin nan da S275 ana neman wajen 145 cm³, bim 203x133x25 yana da kusan 230, ta fuskar ƙarfi ya wadatar. A mita 8 kuwa sama da 580 ake nema, ko kusa bai yi ba. Lambobin da ke sunan bim ɗin tsayinsa ne daga ƙasa zuwa sama da faɗinsa a milimita, na ƙarshen kuma kilo nawa mita ɗaya ke yi, don haka in kana shakkar kayan da aka sayar maka a ɗora a sikeli. A Nijar sunaye irin IPE 200 zaka fi ji.

Kuma tsayin bim daga ƙasa zuwa sama ya fi kaurinsa aiki, gwada taka katakon 2x6 a kwance sannan ka kafa shi a gefensa ka sake takawa zaka ji bambanci a ƙafarka.

Ƙarfi kaɗai ma bai gama magana ba, BS 5950, tsohon kundin ƙa'idar ginin ƙarfe na Birtaniya, ya ce bim mai ɗauke da filasta kar ya lotsa fiye da tazara a raba da 360, wato wajen milimita 11 a mita 4, sannan dogon bim da ba a tokare samansa ba yana iya murɗewa gefe tun kafin ya kai iyakarsa. Mai walda ya iya haɗa ƙarfe, ba a raina aikinsa, amma zaɓen saiz don Allah a bar wa injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, mutane ne za su zauna a ƙarƙashin bim ɗin.