Me ya sa 'ya'yan bishiyar kurmi ke mutuwa a gindin uwarsu?

Da gaske iri ya fi mutuwa kusa da uwar bishiya?

Da gaske ne. Na amsa wannan har bakina ya gaji.

Ba inuwa ce ke kashe su ba?

Ƙarƙashin wata bishiyar ma ai akwai inuwa, kuma can suna rayuwa. Ƙwari da funfuna masu bin jinsi ɗaya ne ke taruwa inda irin ya zube da yawa. Masanin halittu Daniel Janzen ya faɗi haka a 1970, takwaransa Joseph Connell a 1971, kowa a binciken kansa.

An gwada, ko hasashe ne kawai?

An gwada. A tsibirin Barro Colorado na Panama an ga funfuna tana ruɓar da tsiro a gindin uwa, wanda iska ta kai nesa kuma ya tsira. A kurmin ƙasar Beliz da ke Amurka ta Tsakiya, da aka fesa maganin funfuna, sai ire-iren tsiron suka ragu, 'yan jinsi kaɗan suka mamaye wurin.

To in tsinci tsiro a gindin uwa in kai gonata?

Za ka iya, amma bi a hankali. Ɗauki ƙanana masu ganye biyu zuwa huɗu, da sassafe, lokacin damina. Duba wuyan tsiron daidai bakin ƙasa: in ya yi baƙi, ya yi laushi kamar an jiƙa shi, bar shi, ya riga ya kamu. Ƙasar gindin kuwa matsala ce. Tana iya ɗauke da cutar, tana kuma iya ɗauke da funfuna mai taimakon saiwa, ido ba ya bambance su. Ni dai nakan kakkaɓe mafi yawanta in sa sabuwa a leda. Don Allah kada ka jera jinsi ɗaya cunkus! A Ghana, gonakin loko zalla sun sha wahala da ƙwaron da ke kumbura sabon toho, maɗaci ma tsutsa na huda kan tohonsa. Cuɗa su da wasu itatuwa, ka ba da tazara. Wasu za su mutu duk da haka, kada ka karaya.

Ko'ina haka abin yake?

A'a. A kurmin Kwango akwai wata bishiya mai suna Gilbertiodendron dewevrei, wadda 'ya'yanta ke girma a gindinta har ta mamaye daji.

Wa ke kai irin nesa?

Iska, jemagu, birai, tsuntsaye da giwaye. In an kashe dabbobin nan, irin bishiyoyin da suke ci sai ya tsaya a gindi ya ruɓe.